Haɗin Sanyi

Asabar, 3 ga Rabi'us Sani, bayan azahar

An kawo ƙarfen. Jakai biyu ne, Dodo masinjan bariki yana biye da su yana hura hanci kamar shi ya haƙo tamar. Tsohon shingen lambun Bature ne, wanda aka ce tun daga Lakwaja aka ɗauko shi a kawunan mutane. Ya yi tsatsa, wasu sandunan sun lanƙwashe, amma ƙarfe ne mai kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Na buga shi da masaba, ya amsa. Kowace sanda tana da kai mai tsini irin na mashi. Mutumin da ya kewaye albasarsa da masu, shi ne ya tsare ƙanena Sodangi a kan wai ya ƙera mashi.

Ba zan rubuta sunan ƙauyen ba, ba kuma zan rubuta abin da ya faru can ba. Abin da na sani, Sodangi ya tafi yi musu hauya kamar yadda yake yi kowace bazara, sai ga shi an koro su a igiya tare da mutanen garin.

Marin ƙafa ake so a yi da shingen. Baba Ladan, dattijon maƙeran unguwarmu, shi ya raba aikin. Da ya zo kaina ya kasa dubana. Ya ce in na ƙi, za a ce bakinmu ɗaya da Sodangi, kuma gidan da aka riga aka sa wa ido ba ya ƙin aike.

Ban bari a sauke a maƙerar bakin hanya ba. Na ce a kai bayan gida, gindin magarya, inda tsohuwar uwar maƙerar mahaifinmu take. Dodo ya tambayi dalili, na ce can ya fi inuwa. Kafin ya tafi ya juyo.

"Mode, Bature ya ce kowa shi buga tambarinai ga aikinai. Marin da duk yab buɗe, wanda yay yi shi, shi ka sa na biye."

Na ce na ji.

Lahadi, 4, bayan azahar

Siddiƙu, wanda ya tsufa yana yi mini zuga, yau bayansa ke ciwo. Jiya na gan shi ya ɗauki buhun gawayi a kai yana waƙa. Ban ga laifinsa ba. Da ni ma ina da bayan da zan fake da shi, da ya yi ciwo.

Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Na zauna ina kankare tsatsa har rana ta take.

Litinin, 5, bayan la'asar

Abin da ban taɓa zato ba. Na hura wuta ina ta fama, in ja zuga-zugi in ruga in juya ƙarfe, sai na ji motsi bayana. Atika ce, matar Sodangi. Tun da aka kawo ta gidan nan ba mu taɓa haɗa ido ba, in ta hango ni takan ratse ta durƙusa har in wuce, kamar yadda ya kamata tsakanin wa da matar ƙanensa. Yau ta zo ta zauna a mazaunin Siddiƙu, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kama zuga-zugin.

Na ce mata ta koma ciki, wannan ba aikinta ba ne. Ta ce da bango take magana, ba da ni ba: ita 'yar maƙeri ce, ta yi wa mahaifinta zuga kafin ta iya daka. Ta ce in dai dole sai an sa wa mijinta mari, gara wanda aka goge bakinsa da kyau, kada ya ci masa ƙafa.

Ta iya kuwa. Hannunta ya fi na Siddiƙu daidaito, Allah Ya ba bayansa lafiya.

Laraba, 7, da safe

Ƙarfen Nasara yana da hali. In ka sare shi za ka ga cikinsa zare-zare kamar rake. Ba ya son a taɓa shi yana ja, sai ya tsage. Amma in ka yi haƙuri ya yi fari, ya fara tartsatsi, ka watsa masa rairayin gulbi ya wanke kashinsa, to bugu kaɗan baki biyu za su zama ɗaya, ko kai da ka haɗa ba za ka gane wurin ba. Na ji daɗin aikinsa. Wannan shi ya fi damuna, na ji daɗin aikinsa.

Ina sare kawunan masun ina tarawa gefe. Kowace sanda tana ba da ƙawanya biyu da 'yar sarƙar da ke tsakaninsu. A kan kowace ƙawanya ina buga ƙafar kaza, tambarin gidanmu tun kakanmu. Daga nan har Wurno an san hauya mai ƙafar kaza sai dai ta cinye, ba ta buɗewa a haɗi.

Alhamis, 8, bayan azahar

Inna ba ta gani sosai yanzu, amma kunnenta na nan. Ta auri maƙeri, ta haifi biyu. Da na shiga gaishe ta, ta ce bugun da take ji bayan gida ba na hauya ba ne, ba kuma na lauje ba. Na ce aikin bariki ne. Ta ce to. Ta tambaya ko an kai wa Sodangi fura, na ce an kai.

Ba ta sake tambaya ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Jumma'a, 9

Ban ɗaga masaba ba. A masallaci sahu ya yi mini faɗi ta kowane gefe.

Litinin, 12, almuru

Dodo ya zo duba aiki. Ya ɗaga guda ya jijjiga, ya ce Bature zai yi murna. Ya ce in an gama sa musu, za a kora su gabas aikin hanya, can cikin fadamu. Na tambayi na tsawon wane lokaci. Ya ce shi masinja ne, ba mai duba ba.

Matata Sakinatu na jego, ga jariri ga manyan biyu. Ta ce ba na cin tuwo. Ina ci mana, ba ta dai lura.

Yau duk Baba, mahaifinmu, nake tunawa. Ranar da Sodangi ya yi haɗinsa na farko, ya yi gaggawa ya cire ƙarfen bai nuna ba. Daga waje sumul, har yana taƙama. Baba ya karɓa ya buga sau ɗaya a kan dutse, ya rabu biyu. Ya ce wannan shi ne haɗin sanyi: ido ya yarda, ciki bai yarda ba, kuma duk ɗan da ya sake yin sa ya nemi wani uban. Ni na sha duka ranar, wai ina tsaye ina gani ban hana ba. Sodangi yana kuka yana dariya. Haka yake, kullum shi ke ɗebo ruwa ni ke jiƙewa.

Talata, 13, asuba

Bugu ɗaya a kan dutse.

Talata dai, hantsi

Na duba Sakinatu tana shayar da yaron. Na fita.

Alhamis, 15, bayan la'asar

Na yi.

Na bar marin Sodangi sai na ƙarshe. Ƙawanyoyin na goge su da magagari har suka yi santsi kamar munduwa. Da na zo gaɓar tsakiya ta sarƙar, na sa ta a wuta, Atika na zuga. Ta yi ja, ta fara komawa ruwan ɗorawa. Sauran kaɗan ta yi fari. Na ce, "Ya isa."

Ba ta tsaya ba. Ta san bai isa ba, duk wanda ya girma a bakin wuta ya sani. Na sake cewa ya isa. Sai ta ɗago, karon farko tun da na san ta, ta dube ni tsakar ido. Ta dubi ƙwaryar rairayi da ban taɓa ba. Hannunta ya sauka daga kan zuga-zugin.

Na buga, na lallaɓa bakin har ya kwanta, na shafe shi da toka da mai. Ko Baba sai ya sa dutse kafin ya gane. Na ɗauki tambari na buga ƙafar kaza kamar sauran.

Atika ta ce, murya ƙasa, "Yaya, ɗiyanka fa?"

Na ce Allah na nan. Ta tashi ta shige.

Da na je sallama da Inna, ta ce ta ji yau zuga ta tsaya da wuri. Na ce gawayin ne ba shi da kyau. Ta ce gawayin ƙirya ne, ita ta san ƙamshinsa.

Asabar, 17, bayan azahar

Al'ada ce, wanda ya ƙera shi ke ɗaurawa. Mun je da Baba Ladan da wasu biyu. An fito da ɗaurarrun tsakar rana an zaunar a ƙasa. Ban dubi fuskar kowa ba. Ƙafafu na duba, masu kaushi, masu faso, ƙafafun manoma. In sa ƙawanya, in zura ƙusa, in dake kanta, a matso da na gaba. Wani tsoho ya ce mini sannu da aiki. Har yanzu ina jin ta.

Na ɓoye nasa a ƙasan jaka. Da aka zo kansa na gane ƙafar tun kafin in ɗaga kai, ga tabon da tartsatsi ya yi masa muna yara. Ya rame. Ya ce ina wuni, na ce lafiya. Ya tambayi Inna.

Da na gama dakan ƙusa, na kama gaɓar tsakiya na danna ta da babban yatsa, na daɗe. Ya sa nasa yatsan ya shafa wurin, gaba da baya, yadda Baba ke yi. Na ga lokacin da ya gane. Ya dubi tambarin da ke kan ƙawanyar. Ya dubi Dodo da ke tsaye kanmu. Sai ya yi 'yar dariyar nan tasa, ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Aikin ga ya yi kyau, Yaya. Ƙahwar kaza ba ta taɓa buɗewa ba, ba ta kuwa hwarawa kaina."

Dodo ya ce ka ji ɗan halak. Na ce a raina, yaron nan ya iya rufe zance. Na dawo gida da sauƙin zuciya, har na ci tuwo na nemi ƙari.

Litinin, 19, da safe

Sun tafi tun da jijjifi. Atika ta hau kan rumbu ta hango ƙurarsu. Ni ban fita ba.

Duwatsu ba su da wuya a hanyar gabas. Sodangi dai ya bari su yi nisa tukuna, ya sami daji mai duhu. Ya san hanyar dangin Inna ta arewa, in ya tsallaka can ba mai bin sa.

Alhamis, 22, la'asar

Na nuna wa Sakinatu rumbun da za a fara buɗewa da wanda za a bari sai tsakiyar damina. Na gaya mata in wani abu ya taso ta aika wa wanta. Ta ce wane abu? Na ce mutum ba ya shiri? Ta daɗe tana kallona, ta ce tun da ƙarfen nan ya shigo gidan nan ba ta gane kan kowa ba.

Na wanke rigata mai kauri na ajiye kusa.

Asabar, 24

Dodo ya biyo ta ƙofar gida. Na miƙe tsaye, har na gyara hula. Ashe goro ya zo saye.

Talata, 27, hantsi

Shiru. Wataƙila ana tsaronsu da yawa. Wataƙila yana jiran duhun wata.

Saura sanduna kaɗan na shingen. Manoma sun fara zuwa gyaran hauya, Siddiƙu ya warke. Na koma bakin hanya. Mutane na kawo aiki, amma ba mai zama hira.

Jumma'a, 1 ga Jimada Awwal, bayan masallaci

Wata ya yi duhu ya sake tsayawa. Me yake jira?

Zan faɗi gaskiya a nan, tun da takarda ba ta da baki: haushinsa nake ji. Na zubar da sunan gidanmu a wuta saboda shi. Na shirya barin 'ya'yana saboda shi. Kullum in na ji takun takalmi sai in ce ni aka zo kamawa, shi kuwa yana can yana jan ƙafa kamar wanda ba a yi wa komai ba. Tun yana yaro haka yake, in ka miƙa masa abu sai ya tsaya wasa. Dutse ne babu, ko hannu?

Ko dai na yi haɗin da kyau ban sani ba? Hannun da ya saba yakan ƙi ɓata aiki. Wannan tunanin ya hana ni sakat.

Litinin, 4

Na tambayi Atika ta bayan zana ko ta tabbata bai yi fari ba. Ta ce ta tabbata.

Jumma'a, 8, almuru

An yi ruwan farko. Kowa ya fita da sungumi. Gonar Sodangi ta hanyar gulbi ba wanda ya taɓa. Inna ta ce a shuka masa, in ya dawo ya tarar. Gobe zan je.

Wani falke ya ce ya wuce su a fadama, suna cikin laka har gwiwa, zazzaɓi na ɗibarsu. Na tambaya ko an ce wani ya gudu. Ya ce da mari? Ya dube ni kamar mahaukaci.

Laraba, 13

Shiru.

Litinin, 18, bayan azahar

Dodo ya zo da jaki ɗaya. Na tashi, wannan karon ban gyara hula ba. Ya sauke buhu a gabana, ya yi ƙara. Ya ce marin waɗanda suka huta ne, an sare ƙusoshin an dawo da su, a gyara don na gaba. Bai yi hura hancin nan nasa ba. Ya ce waɗanda na ƙera ya ware mini, masu ƙafar kaza. Ya tsaya yana murza hula, sannan ya ce Sodangi, ranar Alhamis ne, zazzaɓi, an yi masa salla, an rufe shi inda ruwa ba ya kaiwa. Ya ce in yi haƙuri.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ja buhun zuwa gindin magarya na zazzage. Duk an naɗe su da tsumma, haka ɗaurarru ke yi don kada ƙarfe ya ci musu idon sawu. Kowa a ƙawanya ya naɗa nasa, inda ke taɓa fata. Guda ɗaya ne ƙawanyoyinsa ke tsirara, masu santsi. Shi a gaɓar tsakiya aka naɗe shi, inda ba ya taɓa jikin kowa.

Shuɗin ƙyalle ne, bakin rigarsa. A ƙarƙashi akwai tsirkiyar fata, an jiƙa ta an ɗaure tam ta bushe a kai, irin ɗaurin da muke yi wa ƙotar da ta tsage. Sai da na sa wuƙa. Da fatar ta saki, ban buga ba, ban ja ba, gaɓar ta rabu biyu a tafin hannuna.

Bakin karayar ya yi tsatsa. Ba jiya ta buɗe ba, ba shekaranjiya ba. Ta daɗe da buɗewa don kanta, wataƙila tun a kwanakin farko na tafiya. Ya ɗaure ta. Ya yi ta tafiya da ita a buɗe, ya shiga laka da ita, ya kwanta ciwo da ita, yana taka ƙafa a hankali kada ta faɗi wani ya ga tambarin.

Ya gaya mini. A gaban Dodo ya gaya mini, da babbar murya, ni kuwa na dawo gida na nemi ƙarin tuwo.

Ban san Atika na tsaye ba sai da ta miƙo hannu. Na ba ta ƙyallen.

Talata, 19

Mutane sun cika zaure. Har waɗanda suka daina zama hira.

Litinin, 25, hantsi

Na sari ɗaya daga sandunan da suka rage na yi wa bariki wani mari a madadin na Sodangi. Na yi shi da kyau, Allah Ya yafe mini, ban san ƙafar wa zai hau ba. Dodo ya karɓa bai duba ba.

Nasa yana wurina. Geron da na shuka masa ya tsiro, ciyawa na neman rufe shi. Yau na hura wuta a bayan gida, na miƙe ƙawanyoyin biyu, na ɗora ɗaya bisa ɗaya. In aka haɗa su aka baje, za su yi bakin hauya ƙarama. Ban kira Siddiƙu ba. Ina cikin gyara gawayi Atika ta fito da kayan takabarta, ta zauna, ta kama zuga-zugi.

Da na fara bugun farko, Inna ta yi magana daga ɗaki. Tun ranar Litinin ɗin can ba ta ce uffan ba sai amsa gaisuwa.

"Wagga kam hauya ta. Ta wa?"

Na ce ta Sodangi ce.

Can ta ce, "To, wanga karon ku bari shi nuna."

Na mayar da shi wuta. Ya yi ja, ya yi ruwan ɗorawa, ya yi fari, tartsatsi ya fara tashi. Na ɗebi rairayi na riƙe a hannu. Atika na ta zuga, ni kuwa bakina ya kasa cewa ya isa.